Shin Na'ura Ta Karɓe Aikin Tantance Littattafai da Jera Su a Ɗakunan Karatu?

Duk lokacin da aka yaɗa bidiyon wani mutum-mutumi yana kai-komo tsakanin kantocin littattafai, ko na wata ƙugiya tana zaro akwatin ƙarfe daga rumbun da ke ƙarƙashin ƙasa, tambayar da ke biyo baya ɗaya ce: shin na'ura ta karɓe aikin tantance littattafai da jera su, har ɗakunan karatu sun daina buƙatar hannun mutum? Wasu na murna, suna ganin an kawo ƙarshen ɓatan littafi da dogon jira, wasu kuma na fargabar cewa ma'aikata ne za a sallama. Kowane ɓangare yana da abin da ya hango, amma dukkansu sun tara ayyuka daban-daban sun kira su da suna ɗaya, alhali na'ura ta yi nisa a wasu, ta ɗan taɓa wasu, akwai kuma wanda har yau ba ta iya ba sai an sauya fasalin ɗakin karatun kansa domin ya dace da ita. Wannan sauyin fasali ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ne ke shafar mai karatu kai tsaye.

Ayyukan da ake cakuɗawa

Aiki na farko shi ne sanya wa littafi lambar fanni bayan an duba abin da ya ƙunsa. Tsarin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda Melvil Dewey ya fitar a Amurka a 1876, wanda ya kasa ilimi gida goma: addini a 200, kimiyya a 500, adabi a 800, tarihi da labarin ƙasa a 900, da sauransu. Manyan jami'o'i da dama kuma suna bin tsarin Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, mai haɗa haruffa da lambobi. Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne da galibi sau ɗaya ake yin sa a rayuwar littafi, kuma manhajoji sun fara shiga cikinsa, kamar Annif da Ɗakin Karatu na Ƙasar Finland ya ƙirƙiro, wadda ke karanta rubutu ta ba da shawarar fannonin da ya shafa.

Sauran ayyukan biyu na hannu ne, kuma ba sa ƙarewa. Duk littafin da aka dawo da shi sai an soke bashinsa daga sunan wanda ya ara, a gano ko na wannan reshe ne ko na wani, ko akwai wanda ya riga ya nema yana jira, sannan a ware shi tare da 'yan'uwansa. Wannan shi ne tantancewa. Bayan nan sai wani ya tura keken littattafai zuwa kanta, ya nemo ainihin gurbin, ya buɗa tsakanin maƙwabta biyu ya cusa shi. Wannan shi ne jerawa, kuma yana da ɗan rakiya, wato bin kantoci lamba-lamba lokaci zuwa lokaci domin gano wanda ya bar gurbinsa.

Muhimmancin wannan aiki na ƙarshe ya fi yadda ake zato. Littafi mai lamba 616, wato na cututtuka, idan gajiyayyen ido ya karanta shi a matsayin 661 ya kai shi cikin littattafan sinadaran masana'antu, to kwamfuta za ta ci gaba da cewa yana nan, mai nema zai je gurbinsa ya tarar babu, ma'aikaci ma ya duba ya rasa. A ginin da ke da littafi dubu ɗari biyar, irin wannan ya zama allura cikin ruwa, sai mai rabo.

Abin da ya kawo na'ura

Yawa ne sanadi na farko. Tun da aka ba masu karatu damar neman littafi ta intanet daga kowane reshe, a kawo musu shi reshen da ya fi kusa da su, littattafai suka koma matafiya, dubbai na tashi daga wannan unguwa zuwa waccan kowace rana. Na biyu shi ne lafiyar ma'aikata, domin wanda ya wuni yana ɗaga littafi, yana buɗe bango, yana juya wuyan hannu sau dubu, yakan ƙare da ciwon gaɓoɓi da kafaɗa da baya. Na uku, musamman a jami'o'i, shi ne ƙarancin fili. Wani sanannen bincike da aka wallafa a 1979 kan Jami'ar Pittsburgh ya gano cewa kusan kashi 40 cikin 100 na littattafan da aka saya a shekara guda babu wanda ya are su ko sau ɗaya cikin shekara shida. Littattafan da ba a taɓawa suna cin fili mai tsada a tsakiyar harabar jami'a, a daidai lokacin da ɗalibai ke neman tebur da wurin zama, kuma zubar da su ba mafita ba ce, tunda littafin da aka manta da shi shekara talatin yana iya zama wanda mai bincike ke nema gobe.

Yadda injin tantancewa ke aiki

Na'ura ba ta karanta sunan littafi ko fanninsa. Abin da take karantawa lamba ce ta musamman da aka maƙala wa kowane kwafi, ko dai lambar layi-layi da ake haskawa, ko kuma ɗan tambarin rediyo da ake kira RFID. Tambarin siririyar takarda ce mai gam da ake mannawa a cikin bango, ɗauke da ƙwayar lantarki da zagayayyiyar waya. Ba shi da batir, yana samun ƙarfinsa ne daga igiyar rediyon na'urar da ke karanta shi. Ribarsa ita ce ba sai an buɗe littafi ko an daidaita shi da haske ba, kuma ana iya karanta tulin littattafai gaba ɗaya. Singafo na cikin ƙasashen da suka fara amfani da shi a ɗakin karatun jama'a, a reshen Bukit Batok a 1998, kuma a 2011 aka fitar da ma'aunin duniya na ISO 28560 da ke tsara yadda ake rubuta bayanai a kan tambarin, domin kada ɗakin karatu ya zama fursunan kamfani ɗaya.

Mai karatu yana sa littafi a wata ƙofa a jikin bango, bel, wato shimfiɗar da inji ke tafiyar da ita, ya ja shi ciki. A cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu na'ura ta karanta lambar, ta tambayi babbar manhajar ɗakin karatun ko na ina ne, ta soke bashin, ta kunna alamar tsaro da ke sa ƙofar fita ta yi ƙara idan an fitar da shi ba izini. Daga nan littafin ya bi bel har ya zo daidai kwandon da ya dace, sai wani guntun bel da ke tafiya a gicciye ya ture shi gefe. Gindin kwandon yana kan sifirin, yana sauka a hankali gwargwadon nauyin da ya hau shi, saboda kada littafi ya faɗo daga nesa ya karye. A ƙarshen layin akwai kwando ɗaya da ke karɓar duk abin da na'ura ta kasa ganewa: wanda tambarinsa ya lalace, wanda bangonsa ke da ƙarfe-ƙarfe da ke hana rediyo wucewa, na wani ɗakin karatu dabam da aka kawo bisa kuskure. Wannan kwando mutum ne ke bin sa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mutum ne kaɗai zai lura cewa ruwa ya jiƙa shafuka ko an yage tsakiya.

A New York, injin da aka kafa a 2010 a unguwar Long Island City ya haura mita 70 a tsawo, ya ci kusan dala miliyan 2.3, kuma cibiyar da yake ciki tana hidima ga rassa kusan 150 na ɗakunan karatun New York da Brooklyn. An yi shekaru ana gasa tsakaninsa da takwaransa na gundumar King a jihar Washington, inda kowanne ya taɓa tantance sama da littafi 12,000 cikin awa ɗaya. Abin lura shi ne ko a wannan gasa mutane ne ke tsaye a bakin bel suna ɗora littattafai ɗaya-ɗaya, kuma su ne ke janye kwandunan da suka cika.

Wasu biranen sun ƙara wani mataki. A Aarhus da Copenhagen na Denmark, daga baya kuma a Helsinki na Finland, an bar littattafai da yawa ba su da reshe na dindindin. Manhaja ce ke duba inda kanta ke da sarari da inda ake yawan neman irin wannan littafi, ta yanke inda za a kai shi bayan an dawo da shi. Wannan ya rage jigilar da ba ta da amfani, sai dai ya miƙa wa lissafi hukuncin da a da ma'aikacin da ya san mutanen unguwarsa ke yankewa, kuma wannan ba ƙaramin sauyi ba ne.

Inda na'ura ta tsaya

Daga kwando zuwa kanta, a ɗakin karatun da jama'a ke shiga su ɗauki littafi da hannunsu, har yanzu aikin na mutum ne a kusan ko'ina. Dalilin yana cikin abin da hannu ke yi ba tare da mai shi ya lura ba. Littattafai sun bambanta a tsawo da kauri da nauyi, wani bangonsa mai tauri ne, wani kuma laushi gare shi yana lanƙwashewa, wasu siraran littattafan yara ma lambarsu ba ta samun wurin zama a gefen da ke fuskantar waje. Kanta takan cika maƙil, sai an tura littafi talatin gefe, wani lokaci a sauke na ƙarshe zuwa layin ƙasa, kafin sabon ya shiga. Jerin yakan karkace, wani mai karatu ya kwantar da littafi a saman saura, yaro yana zaune a ƙasa a tsakiyar hanya. Ma'aikaci yana warware duk wannan da yatsu biyu da kallo ɗaya, amma hannun ƙarfe da zai yi haka ba tare da ya yage bango ko ya ture mutum ba yana da tsada da jinkiri, shi ya sa yawancin irinsa ba su wuce matakin gwaji ba.

Mutum-mutumin da ake gani a bidiyo galibi ɗan dako ne ko mai duba. A ɗakin karatun Oodi da aka buɗe a Helsinki a Disambar 2018, ƙananan na'urori masu taya suna ɗaukar akwatunan littattafai daga wurin tantancewa, su hau lif da kansu su kai bene, ma'aikata kuma su jera. A Singafo, hukumar bincike ta A*STAR ta ƙera wani mai suna AuRoSS da ke bin kantoci da dare bayan an rufe, yana karanta tambarin rediyo, da safe ya bar wa ma'aikata jerin littattafan da suka ɓata ko suka bar gurbinsu. A ganina wannan na cikin mafi amfanin abin da aka ƙirƙiro a fannin, domin bin kanta lamba-lamba aiki ne da ido ke gajiya da shi tun kafin awa ta cika, kuma shi ne aikin da ake fara yin watsi da shi idan ma'aikata sun yi kaɗan.

Rumbun da ke jera kansa

Akwai wurin da na'ura ke ajiye littafi ta kuma ɗauko shi da kanta, amma kafin hakan ya yiwu sai da aka ajiye tsarin Dewey da makamantansa gefe. A irin wannan rumbu ba a jera littattafai bisa fanni, ana tara su ne bisa girma a cikin akwatunan ƙarfe, ta yadda littafin waƙoƙi zai iya kwana kusa da na lissafin gine-gine saboda kawai tsawonsu ɗaya. Akwatunan suna jere a dogayen sigogi masu hawa da yawa, ƙugiya mai tafiya kan dogo tana bin tsakaninsu. Mai karatu yana neman littafi ta kwamfuta, ƙugiya ta zaro akwatin da yake ciki ta kawo shi gaban ma'aikaci, allo ya nuna masa sashen da zai duba, ya zare littafin. Idan an dawo da shi, a yawancin tsare-tsaren ba lallai ya koma akwatinsa na da ba, duk akwatin da ke da sarari daidai girmansa ya isa, muddin an haska lambarsa kwamfuta ta rubuta sabon mazauninsa. Ashe ko a nan ma na'ura akwati take ɗauka, littafin kansa hannun mutum ne ke taɓa shi.

Jami'ar Jihar California da ke Northridge ce ta fara kafa irin wannan a ɗakin karatu a 1991. Ɗakin karatun Mansueto na Jami'ar Chicago, wanda aka buɗe a 2011, yana da rumbu mai zurfin kusan mita 15 a ƙarƙashin zauren karatu, da ƙugiyoyi biyar, kuma zai iya ɗaukar littafi miliyan 3.5. Na Hunt a Jami'ar Jihar North Carolina, da aka buɗe a 2013, yana ɗaukar har miliyan 2 a cikin kashi ɗaya bisa tara na filin da kantocin gargajiya za su ci, kuma littafi kan iso cikin minti biyar ko makamancin haka. Ɗakin Karatu na Birtaniya yana da gini a Boston Spa mai kantocin da jimlar tsawonsu ta kai kilomita 262, inda aka rage iskar oksijin zuwa kusan kashi 15 cikin 100, maimakon kashi 21 na iskar da muke shaƙa, domin wuta ta kasa kamawa. Tunda ba mutane ke zama a ciki ba, ana iya riƙe sanyi da bushewar da takarda ke so, abin da ke ƙara wa littafi tsawon rai.

Abin da mai karatu ya samu da abin da ya rasa

Ribar a fili take. Bashi na sauka daga sunan mutum nan take, littafin da aka dawo da shi yau yana iya isa hannun mai jira gobe maimakon ya kwana uku a kwando, wanda ke cikin rumbu kuma ba ya ɓata, tunda babu mai shiga ya sauya masa wuri. Filin da aka kwashe kantoci ya koma wurin zama.

Hasarar ta fi wuyar aunawa, shi ya sa ake yawan raina ta a lokacin yanke shawara. Jera littattafai bisa fanni wata hanyar koyarwa ce a karan kanta. Wanda ya je neman littafi ɗaya kan tarihin wata daula yakan ɗaga ido ya ga wasu goma a gefensa, ya zaro ɗaya ya duba jerin babobinsa a tsaye, ya gane cewa wannan ne ma yake buƙata, ba wanda ya zo nema ba. Rumbu mai sarrafa kansa yana ba mutum abin da ya san sunansa ne kawai. Malaman tarihi da adabi sun fi kowa kokawa da wannan, kuma kukansu yana da tushe, domin ɗalibin da bai riga ya san fanninsa ba shi ne ya fi dogara da kanta ta nuna masa hanya. Wasu jami'o'in, ciki har da ta North Carolina, sun samar da kanta ta allo da ke nuna littattafai a jere bisa lambar fanni kamar suna tsaye a gaban mutum. Wannan ya rage zafin abin, sai dai hoton bango ba ya barin mutum ya buɗe tsakiya ya karanta sakin layi biyu. Akwai kuma littattafan da bayaninsu a kundin kwamfuta bai cika ba, musamman tsofaffi da na harsunan da masu rubuta kundin ba su ƙware a kansu ba. A buɗaɗɗiyar kanta wani zai iya cin karo da irin wannan littafi, amma a cikin akwati ɗaya daga dubban akwatuna, idan bayaninsa gurgu ne, babu hanyar da za a bi a kai gare shi. Saboda haka zaɓen abin da zai shiga rumbu da abin da zai zauna a fili, da gyara kundin kafin a rufe akwati, sun fi sayen injin muhimmanci.

Ma'aikata, sirri da kuɗi

Hukumomin ɗakunan karatu sukan ce na'ura na 'yantar da ma'aikata ne domin su koma taimakon jama'a, kuma a wurare da yawa hakan ya faru. Amma gaskiya ne kuma cewa ayyukan da ake ragewa su ne na matakin farko, waɗanda ɗalibai da masu aikin wucin gadi ke shiga ta cikinsu, kuma ko awannin da aka tsimi za su koma ga masu karatu ko a zaftare su daga kasafi, wannan shawara ce ta hukuma da injin ba shi da ta cewa a ciki.

Batun sirri ya taso tun farkon shigowar tambarin rediyo. Wajen 2004 da 2005 ƙungiyoyin kare 'yancin jama'a irin su EFF da ACLU sun nuna adawa da shi a biranen San Francisco da Berkeley na Amurka, bisa fargabar cewa wani mai na'urar karantawa zai iya gane littafin da ke cikin jakar mutum ba da saninsa ba. Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ta fitar da ƙa'idoji a 2006 da ke cewa kada a rubuta bayanan mai aro a kan tambarin. Tambarin da aka fi amfani da shi ba a karanta shi sai daga kusa, kuma hakan ya rage haɗarin ko da bai kawar da shi gaba ɗaya ba.

Ta fuskar kuɗi, sayen injin somin-taɓi ne. Sai an manna wa kowane littafi tambari da hannu, a biya kwangilar gyara duk shekara, a tanadi kayan maye, a kuma samu wutar da ba ta yankewa. Ɗakin karatun da ke karɓar littafi ɗari biyu a rana, ma'aikaci ɗaya da keke ɗaya sun fi masa kowane bel sauƙi.

Ranar da kwamfuta ta tsaya

Duk wannan tsari yana rataye ne a kan rumbun bayanai guda, kuma an riga an ga abin da ke faruwa idan ya faɗi. A Oktoban 2023 masu kutse suka afka wa Ɗakin Karatu na Birtaniya, babban kundinsa bai dawo intanet ba sai a Janairun 2024, sauran hidimomi kuma suka ɗauki watanni bayan haka. A wannan watan dai aka kai wa ɗakin karatun birnin Toronto na Kanada irin wannan hari. Rassansa 100 sun ci gaba da buɗewa, ma'aikata suna rubuta lambobin aro da hannu, amma littattafan da aka dawo da su ba su da hanyar shiga tsarin, sai aka riƙa loda su a manyan tireloli har suka kai kusan miliyan ɗaya, aka kuma shafe makonni ana warware su bayan kwamfutoci sun dawo.

Kantar da aka jera bisa fanni tana ɗauke da taswirarta a jikinta, ko babu wuta mai tocila zai iya bin lambobi ya kai ga littafi. Rumbun da aka tara bisa girma ba shi da wannan kariya, domin babu wani abu a jikin akwatin da ke faɗin abin da ke ciki. Ɗakin karatun da zai kafa irinsa dole ne ya ajiye kwafin bayanan mazaunin kowane littafi a wani wuri dabam da ba ya haɗe da babbar hanyar sadarwarsa, ya riƙa sabunta shi, ya kuma gwada dawo da shi tun kafin ranar buƙata.